Hausa ta zama harshen ƙasa: wa zai yanke, kuma ta wace hanya?



Tun watan Maris na 2025, da anka fitar da sabon kundin sake gina ƙasa, Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma sunka zama harsunan aiki. An yi ta magana a kai a rediyo, a fada wurin shayi, a tasha, a bakin kasuwa. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba, alhali ita ce mai nauyi. In an tashi rubuta takardar gona, ko katin likita, ko littafin ɗan aji ɗaya da Hausa, wace Hausa za a rubuta? Wa zai zaɓi kalmomin? In mutanen Ƙonni ko Malbaza ko Illela ba su yarda da kalmar ba, ina za su kai kuka? A ganinmu, hanyar da za a bi a yanke wanga hukunci ta fi hukuncin kansa muhimmanci. Kuma akwai mutanen da sunka daɗe suna fama da irin wanga aiki har sunka ƙware, a wurin da ba kowa zai zata ba, wato masu tsara harsunan kwamfuta.

Salular da ke hannunka ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Duk abin da take yi, aika saƙo ne ko tura kuɗi ko buɗe wanga shafi, wani ne ya zauna ya rubuta mata umurni layi bayan layi, cikin wani harshe da mutane sunka ƙirƙira don magana da na'ura. Irin waɗannan harsuna suna da kalmominsu da ƙa'idojinsu, kuma ba su da haƙuri: waƙafi ɗaya ya ɓace, aiki ya tsaya. Miliyoyin mutane ke rubutu da su a ƙasashe daban-daban, kowa da buƙatarsa, kowa yana son a ƙara mishi abu ko a cire wani. Dole ke nan a samu inda ake cewa i ko a'a.

Mu ɗauki Python, ɗaya daga cikin harsunan da anka fi koyo a duniya yau. Wani mutumin ƙasar Holan, Guido van Rossum, shi ya ƙirƙiro shi, ya sake shi ga jama'a a 1991. Shekara ashirin da bakwai maganarsa ita ce ta ƙarshe. Kowa ya kawo shawara, a yi ta muhawara, in an gaji a juyo wurinsa ya yanke, kamar yadda ake kai ƙara gaban sarki. Har laƙabi sunka yi mishi cikin raha, wai mai mulkin kama-karya mai tausayi, na har abada. To a 2018 sai rigima ta tashi a kan wata ƴar alama, ɗigo biyu haɗe da alamar daidai, da anka so a ƙara cikin harshen. Wasu sunka ce za ta rage wahala, wasu sunka ce za ta ɓata sauƙin da anka san Python da shi. An yi wata da watanni ana ka-ce-na-ce, maganganu sunka yi zafi. Guido ya amince da alamar, amma ƴan kwanaki bayan nan, ran 12 ga Yuli 2018, ya rubuto cewa ya sauka daga kujerar. Bai naɗa magaji ba. Ya bar su su nemo wa kansu tsari.

Mutanen ba su watse ba. Sunka rubuto tsare-tsaren shugabanci iri-iri, manyan masu kula da harshen sunka kaɗa ƙuri'a a Disamba 2018, sunka tsaya a kan majalisa ta mutum biyar. Farkon 2019 anka zaɓi biyar na farko, shi kansa Guido yana ciki, amma da murya ɗaya kamar kowa. Ana sake zaɓe duk shekara. Sun sa doka cewa kada mutum fiye da biyu su fito daga kamfani ɗaya, don kada mai kuɗi ya saye majalisar. An kuma umurce ta da ta nemi fahimtar juna tukuna, ƙuri'a sai in ba makawa.

Abin da ya fi burge mu shi ne takardar shawara. Tun shekarar 2000, duk mai son a yi babban canji a Python sai ya rubuta takarda da suke kira PEP, a ba ta lamba, a ajiye ta inda kowa zai iya karantawa. Cikinta sai ka faɗi matsalar da kake son warwarewa, da dalilin da ya sa abin da ke akwai bai isa ba. Ka faɗi abin da canjin zai ɓata wa waɗanda sunka riga sunka yi rubutu da tsohuwar hanya, da yadda malami zai koyar da sabon abin. Sannan ka jero sauran hanyoyin da anka duba anka ajiye, kowace da dalilinta. Shawarar da anka ƙi ma ba a yaga ta. Tana nan da lambarta da hujjar ƙin ta, don in wani ya taso da maganar bayan shekara goma a ce mishi: je ka karanta, in kana da sabuwar hujja ka dawo.

Akwai wani harshen, JavaScript, wanda kusan duk shafin intanet da kake buɗewa yana aiki da shi. Shi kwamitinsa sunansa TC39, yana ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Ecma da ke da ofis a Janeba, suna zama kusan duk bayan wata biyu. A can shawara hawa-hawa take yi, daga matakin sifiri zuwa na huɗu. Dole ta samu wanda zai goya ta, ya riƙa bin ta zama bayan zama yana amsa tambayoyi. Ba ta haye mataki sai ba wanda ya tsaya kai da fata ya ce bai yarda ba, shi kuma mai ƙin yarda sai ya faɗi dalili. Ba ta kai matakin ƙarshe sai an gwada ta da gaske a manhajoji biyu aƙalla, an ga tana aiki. Kuma suna da ƙa'ida guda da ba su wasa da ita: kada a karya abin da ya riga ya zauna. A 2018 sun zaɓi suna ga wani sabon umurni, an fara gwaji, sai anka gano sunan yana lalata wasu tsofaffin shafuka da masu su ma wataƙila sun manta da su. Kwamitin bai ce laifin masu shafukan ba ne. Sunan sunka canza.

Mutanen Python sun san kuɗin wagga ƙa'ida, don su sun taɓa karya ta. A ƙarshen 2008 sunka fito da Python 3, wanda ya gyara kurakurai da yawa amma bai karanta tsohon rubutu yadda yake. Jama'a ta rabu biyu, masu sabo da masu tsoho. Sai ran 1 ga Janairu 2020 anka samu rufe tsohon, shekara goma sha ɗaya ana jan ƙafa. Gyaran daidai ne, amma wahalar da ya jawo ta sa yau ba mai son a sake irin sa.

Ba mu ce waɗannan kwamitoci ba su da aibu ba. Mafi yawan masu zama a TC39 ma'aikatan manyan kamfanoni ne irin su Google, Apple da Microsoft, muhawarar da Ingilishi ake yi, kuma wanda ba shi da lokaci da intanet mai ƙarfi ba zai iya bin ta ba. Duk da haka ƙofar da ke da ƙa'ida ana iya ƙwanƙwasa ta. Ga misali ƙungiyar Unicode, wadda anka kafa a 1991, ita ke ba kowane harafi na duniya lambarsa don na'ura ta gane shi. Wasu ƴan uwa biyu Fulani a ƙasar Gini, Ibrahima da Abdoulaye Barry, sun ƙirƙiro rubutun Adlam tun suna yara a ƙarshen shekarun 1980. Sunka yi ta koyar da shi, sunka tara shaidar cewa jama'a na amfani da shi, anka rubuta takardar shawara, a 2016 ya shiga Unicode. Tifinar na Abzinawa ya shiga tun 2005. A 2020 an ƙara wasu haruffan ajami saboda Hausa da Wolof. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, suna ciki tun farkon shekarun 1990. Python kuma a 2007 ya karɓi shawarar da ta ba da damar sa suna da haruffan da ba na Ingilishi ba, shi ya sa yau ɗalibi a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa zai iya rubuta ƙidaya ko ɗalibai cikin aikinsa na'ura ta karɓa. Duk waɗannan, wani ne ya rubuta takarda ya bi ta har ta haye.

Yanzu mu dawo gida. Rubutun boko na Hausa shi ma a zauren shawara anka haife shi. A 1912 Baturen nan Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojin farko. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke hukumar fassara da talifi ta Zariya, haruffa masu lanƙwasa sunka maye gurbin masu ɗigo a ƙasa, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 ta yaɗa wanga rubutu. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma. Bayan nan Nijar ta ɗan jima tana rubuta dogon wasali da harafi biyu, Najeriya ba ta bi ba, rubutun harshe ɗaya ya zama kala biyu. Sai a 1980 anka zauna a Yamai don daidaita ƙasashen biyu. A 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da dokar ƙa'idar rubutun Hausa. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara tun 1973 a Damagaram. Masanan da sunka yi waɗannan ayyuka sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma mu tambayi kanmu gaskiya: cikin masu karanta wanga rubutu, mutum nawa ya taɓa ganin dokar 1999 da idonsa? Mutum nawa ya san dalilin da ya sa anka zaɓi wanga harafi anka bar wancan? An yanke hukunci, amma dalilin ya zauna a ofis.

Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa jin wanga abu a jiki. Tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar Najeriya ƴan kilomitoci ne, ga kuma tamu Illela ta Adar. Dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, aure ɗaya. Amma yaron da ya koyi rubuta ƴaƴa a wanga ɓangare, in ya tsallaka zai tarar ana rubuta 'ya'ya. Abin dariyar shi ne, mu nan a baki ɗiya muke cewa. Muna cewa tahi, littafi ya ce tafi. Muna cewa munka zo, shina nan, littafi ya ce muka zo, yana nan. Mu likita wuri ne da ake zuwa neman magani, a Kano likita mutum ne, wurin kuma asibiti. Muna da lakkal, kaye, bik, kamiyo da salula, su suna da nasu da sunka aro daga Ingilishi. Jika ɗaya ta sefa kowa nan ya san ta, ɗan Zariya sai an yi mishi bayani. In anka tashi yin ƙamus na aikin gwamnati, ɗaya daga cikin biyu zai faru in ba a yi hankali ba: ko a kwaso Hausar Kano dungurungum a ce ita ce daidai, ko a zauna a Yamai a ƙirƙiro kalmomin da ba tsohuwar da ta taɓa ji a Tsarnawa ko Badagishiri.

Kada wani ya ce wagga magana ta ƴan boko ce kawai. Ku dubi takardun gona. Kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada suna ba da shaidar saye, kyauta, aro, haya, jingina da gado. A baki, dattawan gari sun san bambancin aro da jingina sarai. Ranar da za a buga waɗannan takardu da Hausa, in anka sa kalmar da a wani yanki take nufin aro a wani kuma take nufin jingina, jikoki ne za su tsaya gaban alƙali bayan shekara talatin. Ku dubi mai albasa a Galmi ko mai noman rani a fadamar Ƙonni da ke karanta umurnin maganin feshi: ma'auni nawa, kwana nawa kafin a cire amfani. Ku dubi uwar da anka rubuta wa yadda za ta ba yaro magani. Har lanƙwasar harafi ba wasa ba ce. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Na'ura kuwa ba ta da hankalin da za ta gane nufinka. In an rubuta sunan mutum da ƙ a rajista, ma'aikaci ya nema da k, tana iya cewa ba wanga mutum.

Don haka ga abin da muke nema ga duk hukumar da anka ɗora wa wanga aiki. Kowace sabuwar kalma ko canjin harafi ya zo a rubuce, da lamba, da dalili, da sauran kalmomin da anka duba anka ajiye. A karanta shi a gidajen rediyo na gari, a sa shi a intanet, a ba jama'a lokaci su amsa, ko da saƙon murya ne, tunda da yawa daga cikin waɗanda sunka fi mu sanin Hausa ba su rubutun boko. Kada a buga littafi dubu-dubu sai an gwada kalmar a wurare biyu aƙalla masu nisa da juna, a ce aji ɗaya a Dogarawa, aji ɗaya a Damagaram, a ga ko yara sun gane ba tare da an fassara musu Hausa da Hausa ba. Zauren ya zama na wa'adi, kada yanki ɗaya ko jami'a ɗaya ta cika kujerun. A sa malaman lakkal, malaman allo masu ajami, ma'aikatan rediyo, ungozoma, manoma, mata da maza. A riƙa tuntuɓar Sakkwato, Katsina da Kano, don kada mu sake raba rubutun kamar bayan Bamako. Sannan a riƙe ƙa'idar nan ta kada a karya abin da ya zauna: littattafan yaƙi da jahilci da ke hannun mutane, da abin da anka buga shekara da shekaru, kada a wayi gari a ce musu duk kuskure ne.

Mun san abin da wasu za su ce: harshe ba na kwamiti ba ne, na masu shi ne, kuma Hausa ta yi ɗaruruwan shekaru tana tafiya ba da izinin kowa ba. Gaskiya ne. A nan ma harshen mutum ya bambanta da na kwamfuta. Ba zauren da zai hana ɗan Adar cewa tahi, kuma duk wanda ya gwada zai sha kunya. Abin da zaure ke iya tsarawa kaɗan ne: rubutun takardar hukuma, littafin makaranta, kalmomin shari'a da na magani. Amma wanga kaɗan ɗin shi ke yanke wa yaro ci ko faɗuwa a jarrabawa, shi ke yanke wa mutum gona. Wasu kuma za su ce wagga hanya tana da jinkiri. Tana da shi. Sai dai mutanen Python sun ga jinkirin shekara goma sha ɗaya, kuma karya abin da ya zauna ne ya jawo shi, yawan shawara bai jawo ba. Kada mu manta kuma ƙasar nan ta Zabarmawa ce, ta Fulani, Abzinawa, Barebari, Tubawa, Larabawa da Gurmawa. Hanyar da muke nema wa Hausa, irin ta ya kamata kowane harshe ya samu. In anka ga Hausa na yanke hukunci a buɗe, zukata za su fi kwanciya.

Mu kuma ba sai mun jira an kira mu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Malaman lakkal na Ƙonni, Malbaza da Illela suna iya fara tara kalmomin da yara ke tuntuɓe da su a littafi. Ƙungiyoyin manoma su rubuta sunayen ma'auni, cututtukan shuka da kayan aiki yadda ake faɗinsu a gona. Gidajen rediyonmu su ware ko minti goma sha biyar a mako, a kawo kalma ɗaya, dattawa su kira su faɗi yadda ake cewa a garinsu, wani ya zauna ya rubuta, da sunan gari da kwanan wata. Matasa masu salula su sa allon rubutun Hausa, yana nan cikin Gboard, su daina rubuta kasa a wurin ƙasa. Ɗalibanmu na jami'ar Tawa masu karatun kwamfuta su tattara duk wanga a wuri ɗaya da kowa zai iya dubawa. Ƴan uwan nan biyu na Gini da shaidar amfani sunka ci nasara, ba da hayaniya ba. Ranar da za a zauna a Yamai, wanda ya zo da takarda da hujja shi za a saurara, wanda ya zo hannu rabbana sai dai ya ji a rediyo.

Tun ran gini ran zane. Yanzu ne ake ɗora tubalin farko, yanzu ne maganarmu za ta yi amfani. Ku faɗa mana: wace kalma ce kuke ji a rediyo ko kuke gani a littafi wadda a garinku ba haka ake cewa ba, kuma yaya kuke cewa? Ku sa sunan garin.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, ya sa mu dace.